Haƙorin da Ba Ya Ciwo

Ni ne mutumin nan da ya ɗauki lafiyayyen haƙorinsa ya kai wa wanzami ya cire. Ba ya ciwo, ba ya girgiɗi, ko ƙashin kaza bai taɓa gagararsa ba. Gara ku ji daga bakina, domin a kasuwar Diffa labarin ya hayayyafa. Wani ya ce duk na ƙasa na zubar, wani ya ce boka ne ya nema. Ɗaya ne tak, turmi na ƙasa ta hannun dama. Giɓin yana nan, harshena yana kai masa gaisuwa kowace safiya.

Ba mai karatu ba ne ni. An sa ni lakkwal, makarantar boko, ina yaro. Ranar da mushe, malaminmu, ya ce in tashi in karanta, sai na dubi hoton da ke gefen shafin na shirya masa labari mai daɗi a kan raƙumi. Ashe shafin lissafi ne. Daga nan ubana ya ce gona ta fi buƙatata. Wannan rubutun da furfura na koye shi a ajin manya, in kun ga ya karkace, mai shi ya biyo.

Tattasai nake nomawa a bakin Komadugu har shekarar da yaran daji suka fara tsallako ruwa. Haka muke ce musu, ba ma kama sunansu, kamar yadda tsofaffi ke ce wa maciji igiyar ƙasa. Hukuma ta ce kowa ya tashi daga bakin kogi. Muka bar injin ban ruwa da rumbu da kushewar iyaye, muka shigo Diffa, ni da uwar 'ya'yana. Na koma auna garin tattasai da ludayi a kasuwa.

Cikin 'ya'yanmu auta ce kaɗai karatu ya karɓa. Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta tafi jami'a a Damagaram tana karatun jikin ɗan Adam, amma idonta yana kan abu guda, makarantar likitan haƙori. Tun lokacin gudu ta ƙulla wannan, da kumatun uwarta ya kumbura kamar tulu a kan hanya, babu mai taɓa shi. Yarinyar ta ce wuraren kaɗan ne, masu nema da yawa, sai an yi jarrabawar kwankur a Yamai bayan damina, a zaɓi waɗanda za a ɗauka. Da hutu ya zo ta dawo gida ta shirya.

A unguwa ba wanda ya san haka. Cewa muke yi tana wurin gwaggonta tana koyon ɗinki. Dalilinmu biyu. Yaran daji suna da raunuka a sansaninsu kuma ba su da masu magani, in suka ji akwai mai sanin aikin likita a wani gida, har cikin gari suna iya aiko a ɗauke shi. Sojoji kuma sun san da haka, don haka duk wanda aka gani da allura ko bandeji sai an tambaye shi wa yake yi wa aiki. Akwai wani mai yin allura a ƙauyenmu, an zo an tafi da shi don a yi masa tambaya, matarsa har ta gaji da zuwa bakin ƙofa. Kalmar likita ta zama kamar garwashi a gidanmu. Ko uwarta in za ta yi alfahari, sai ta shiga ɗaki ta yi wa bango.

Da safe yarinyar tana kan littattafai. Da la'asar sai ta zauna a rumfa da reza da sabulun wanki, tana kallon hoto a wayarta tana sassaƙa haƙora. Wata da ta riga ta shiga makarantar ce ta gaya mata aikin na hannu ne, a fara horar da yatsu tun yanzu.

"Sabulun gidan nan ya ƙare a turame," in ji uwarta. "Da me zan yi wanki, da fiƙa?"

"Inna, ki bar cin fure da goro in sassaƙa miki farare."

"Ubanki da jajayen ya gan ni ya rikice."

Gaskiya ta faɗa. Ina gefe ina dariya sai na ji yarinyar ta yi ajiyar zuciya, ta juya sabulun a hannunta ta ce, "Hoto gefe ɗaya yake nunawa. Da zan sami na gaske in juya shi, in ga yadda saiwarsa take."

Da sabulun take magana, ba da ni ba. Amma kunnena ya ɗauka. Ban iya taya ta lissafi ba, ban iya faransanci ba, ban san kowa a Yamai ba. Haƙori kuwa na san inda yake.

Wanzamin ƙauyenmu, wani tsohon Babarbare, yana zaune a sansanin 'yan gudun hijira da ke gefen kwalta, yamma da gari, cikin bukkar zana da buhu. Shi ya yi wa yarinyar askin suna. A wajenmu ba a yar da haƙori a ko'ina, kamar gashi ne da farce, in ya faɗa hannun maƙiyi ba a san abin da zai yi da shi ba. Wanda aka cire wa ko ya tafi da abinsa ya binne, ko ya bar wa wanzami amana. Shi kuwa yana tara su a gwangwanin madara cikin zabirarsa, kuma ranar gudu zabirar kaɗai ya ɗauko.

Na ce wa uwar 'ya'yana zan je duba wani mai tattasai, na shiga motar haya da sassafe.

"Wushe, Afuno," ya ce da ya gan ni. Haka Barebari ke gaisuwa, haka kuma suke kiran Bahaushe. "Aski ko ƙaho? Kan naka ba abin askewa, ƙaho kuma jinin Bahaushe ruwan koko ne."

Na matsa kusa da kunnensa na gaya masa gaskiya. Ya jawo gwangwanin daga zabira.

"Aro ne," ya ce. "Mutanen garinmu ne a ciki. Wasu ko kabarinsu ba mu sani ba. Ka dawo mini da su."

Na buɗe, wari ya buge ni. Duk baƙaƙe ne, wasu sun rube rabi, wasu sun fashe, wasu rami ya cinye su kamar gara ta shiga azara.

"Babu mai kyau ko ɗaya?"

"Wa zai kawo mini mai kyau? Ka taɓa ganin an kai lafiyayyen jaki wurin mai ɗori?"

"Ita mai kyau take so ta gani. Yaya za ta gane ruɓaɓɓe in ba ta san lafiyayye ba?"

"To ka jira mahaukaci ya zo."

Sai na cire hula na zauna a tabarmarsa.

Ya zage ni da Barbarci, ya zage ni da Hausa, ya ce ko Fulani ba su yi wannan wautar ba. Na ce ina da sauran da za su ishe ni tuwon da ya rage mini a duniya. Da ya ga ba zan tashi ba, ya ɗauko awartaki, ya danne goshina da gwiwarsa. Ruɓaɓɓen haƙori da kansa yake ba da kai. Lafiyayye kuwa gardama yake yi. Na ji ƙara a cikin ƙoƙon kaina kamar ana tumɓuke kututturen giginya, na ga marigayi ubana, na kira sunan waliyyan da ban taɓa ziyarta ba. Ya ba ni ruwan gishiri na kurkure, ya cusa mini auduga, ya naɗe haƙorin a tsumma ya jefa cikin gwangwani.

"Tafi, Afuno. In an tambaye ka, ba ka san ni ba."

Wasa yake yi, amma bai yi dariya ba.

Kafin a shiga Diffa akwai bariyer, shingen sojoji. A lokacin an yi ta samun masu tashin bam a kasuwa da tasha, don haka kowace mota nesa take tsayawa. Kowa ya fito, maza su ɗaga riga a ga ciki, a tako ɗaya bayan ɗaya da kaya a hannu. Kumatuna ya riga ya kumbura, bakina cike da auduga da jini. Sojan da ke dubawa matashi ne siriri, daga can yamma, Hausarsa ba ta nuna ba. Ya karɓi jakata, ya ciro gwangwanin, ya girgiza.

Ni ban taɓa tunanin ƙarar ba. Haƙora cikin gwangwani ƙara suke yi kamar ƙusoshi, kuma kowa ya san abin da ake cusa wa ƙusoshi a wancan zamani.

Ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya ja da baya, ya yi wata tsawa da faransanci. Bindigogi suka ɗago gaba ɗaya. Mutanen motarmu suka zube a ƙasa, wata mata ta kife a kan jaririnta. Ni kaɗai na rage a tsaye, ba don jarumtaka ba, gwiwoyina ne suka manta yadda ake lanƙwasawa.

"Ɗauka. Tafi can. Buɗe da kanka."

Na ɗauka na taka zuwa inda ya nuna, cikin rairayi. Bayana yana jiran harsashi, har na san daidai wurin da zai shiga. Murfin ya cije, sai da na yi ta fama da shi. Da ya buɗe na kifar da shi.

Sai wani dattijo daga cikin na kwance ya ɗago kai ya ce, "Innalillahi." A shekarun nan kogi yana kawo gawa, ana kuma raɗe-raɗin akwai masu kwasar sassan mutane suna kai wa yaran daji don layu. Ga ni da jini a gemu, ga haƙoran mutane a gabana.

Sojan ya matso, bakin bindigarsa yana rawa.

"Na wa ne?"

Tun ina buɗe murfin na gama shawara. In na ce na wanzami ne, za a ɗauko shi, a tambaye shi dalili, dalilin kuwa tana gida tana sassaƙa sabulu. Don haka na ce, "Nawa ne."

Bahaushe da lafiyayyen baki ya san na wa daban, nawa na mallaka daban, nawa na ciniki daban. Muryar ce ke hawa da sauka. To ni muryata ta maƙale a auduga, shi kuma kunnensa ba na Hausa ba ne.

"Na ce na wa ne."

"Nawa ne."

"Kana kwaikwayona?"

"A'a, ranka ya daɗe. Nawa ne."

Wani daga bayan buhunan yashi ya ce, "Farashi yake tambayarka. Sayarwa yake yi."

Na ji ƙarar ƙarfe, irin wadda bindiga ke yi in an shirya ta. Na rufe ido na fara kalmar shahada, ita ma ta fito a murɗe.

Shef ɗinsu, wato babbansu, ne ya tsayar da abin. Mutum ne mai furfura a gefen kai, idanunsa jajaye na rashin barci, Hausarsa ta Gobirawa. Ya sa aka zaunar da ni a rana kusa da buhunan yashi, aka karɓe wayata. Sauran mutanen motar aka ce su tashi su jira, ba wanda zai wuce. Masu tallan ruwa da ƙosai suka tsaya daga nesa suna kallo.

"Tsoho," ya ce, "na ji ka. Ka ce naka ne. Kada ne kai?"

Na ce tun ƙuruciya nake tarawa.

"Buɗe baki."

Na nuna masa kumburin na ce ba ya buɗuwa.

"Wa ya aike ka? Ina za ka kai su?"

Na ce ba kowa, ba ko'ina. Ya ce to za a kai ni gaba, can akwai masu haƙurin tambaya fiye da shi. Na tuna mai allurar ƙauyenmu. Amma na lissafa a raina, in tsoho mai ludayin tattasai ya ɓace, kasuwa ba za ta tashi ba. Na ce Allah ya sa su tafi da ni da sauri kafin wani ya gane ni.

Sai wayata ta yi ƙara a hannunsa. Yarinyar ce, uwarta ta sa ta kira ta ji ko zan dawo cin abincin rana. Shef ya ɗauka. Na ji muryarta ƙarama daga nesa tana cewa, "Baba?" Na yunƙura zan yi magana, sojan nan siriri ya dafa kafaɗata ya mai da ni ƙasa. Shef ya juya mini baya ya yi magana da ita.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Inuwar buhunan ta tashi daga wannan gefe ta koma wancan. Addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa uwarta ta kulle ta a ɗaki.

Na hango ta tafe daga wajen gari, ita kaɗai a tsakiyar kwalta. Wanda bai zauna Diffa a lokacin ba, ba zai san abin da ake nufi da budurwa ta nufo bariyer ita kaɗai ba. Irinsu ake ɗaura wa bam. Bindigogin da suka bar ni suka koma kanta. Aka daka mata tsawa ta tsaya. Ta tsaya. Ta zare mayafinta ta yar a ƙasa, ta ɗaga hannu biyu, ta juya a hankali don su ga bayanta. Yarinyar da ko a gabana ba ta zama ba mayafi. A hannunta ɗaya katin makaranta ne, a ɗayan wani abu fari. Sojan siriri ya yi tsawa ta buɗe hannun. Ta buɗe. Turmin sabulu ne.

Ba ta kalle ni ba da ta iso. Ta yi magana da shef da faransanci, muryarta ba ta rawa, sai dai na ga jijiyar wuyanta tana bugawa. Ban gane komai ba sai kalma ɗaya, dantis. Direban motarmu ya ji, ya juya ya fassara wa na kusa da shi, "Likitar haƙori ce." Na ji maganar tana tafiya daga baki zuwa baki har wurin masu ƙosai. Na bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk talakawa ne irina. Amma wanda ke kai labari tsallaken kogi shi ma talaka ne irina, ba ƙaho gare shi ba.

Shef ya nuna mata haƙoran ya ce ta yi bayani da Hausa kowa ya ji. Ta tsuguna ta ɗauki tsinke tana juya su.

"Duk ciwo ne ya sa aka cire su. Ga ramin wannan. Wannan ya ruɓe har saiwa. Ga shaidar awartaki a jikinsu, aikin wanzami ne, kuma sun daɗe. Mai tonon gawa ba zai zaɓi ruɓaɓɓu kaɗai ba."

Shef ya gyaɗa kai. Na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ya sa ƙafar takalminsa ya taɓa tsumman nan da ya gangara gefe.

"Wannan fa?"

Ta kwance shi. Ga shi nan da jininsa ɗanye, da saiwarsa biyu, da ɗan jan goro a wuya. Ta juya shi a hannunta yadda ta ce tana so ta yi. Ta daɗe tana juyawa. Na roƙe ta da ido ta ce akwai rami.

"Wannan lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Yau aka cire shi."

"Daga bakin wa?"

Bindigogin ba su sauka ba tukuna. Na ga in na ƙara yin shiru, ita za a tambaya. Na sa yatsa na zaro audugar, na tofar da jini, na wangame baki iya yadda kumburi ya bari.

Ta matso ta riƙe haɓata. Hannunta sanyi ƙalau a wannan rana. Ta leƙa, ta dubi haƙorin, ta sake leƙawa. Ni ne mutum na farko da ta taɓa duba wa baki, a gaban bindigogi.

"Nasa ne," ta ce.

"Ai tun ɗazu nake faɗa," na ce. "Nawa ne."

Sojan siriri ya fashe da wata dariya mai kama da kuka, ya zauna a kan buhun yashi ya rufe fuska. Shef bai yi dariya ba. Ya miƙa mini wayata, ya ce in kwashe kayana. Na durƙusa ina tsintar mutanen garinmu daga cikin rairayi, ina tankaɗe ƙasa da yatsu kada in bar wani. Ina nan durƙushe na ji ya ce mata ƙasa-ƙasa, "'Yata, ni na gama da ke. Amma kunnuwa da yawa sun ji. Kada ki jira ƙarshen damina a garin nan."

Washegari da safe muka kai ta tasha. Sauran shirin kwankur ɗin a ɗakin wata ƙawarta ta ƙarasa shi a Yamai. Allah ya taimake ta, an ɗauke ta. Amma tun daga ranar ba ta sake yin hutu a gida ba, uwarta ce ta hana, ni ma ban ce ta zo ba. Bayan tafiyarta wasu baƙi biyu sun tsaya wurin tattasaina, suka saya, suka tambaya ko ni ne baban likita. Na ce 'yata tela ce. Wataƙila ciwon haƙori ne da su. Ban tambaya ba. Gwangwanin na mayar wa wanzami, ya girgiza shi kusa da kunnensa kamar zai gane in wani ya ɓata.

Nawa ita ta tafi da shi. A tasha, da direba ya fara kiran mutane, ta ciro shi daga jakarta, ta wanke shi tas, ta nuna mini a tafin hannunta. Na yi tsammanin godiya za ta yi, har na shirya abin da zan ce don kada in yi hawaye a gaban 'yan kamasho.

"Baba," ta ce, "duk karatun nan da nake yi, don kada a riƙa cire irin wannan ne."

A ranar bakina a kumbure yake, da shi na fake. Ya daɗe da sacewa.